Kwana Tara na Badaru Mai Rediyo

Badaru taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, ba mai kai ni ƙara. Tun muna yara a Balan nake zaginsa yana ramawa, kuma har yau da furfura ta fara leƙo masa ban daina ba. Sunana Baiwa. Rumfata ta shinkafa da wake tana kallon shagonsa a bakin tashar Gaya, shekara goma sha huɗu ke nan. In kana neman mai gyaran rediyo, ko fanka, ko fitilar sola da ta ƙi caji, shi za a nuna maka. In mai hankali kake nema, sai dai ka ƙara gaba.

Ba wai ba shi da ƙwaƙwalwa ba, ita ce ma ta yi masa yawa. Yana ɗan shekara goma aka tura shi gona korar tsuntsaye. Da babansa ya je dubawa, sai ya tarar tsuntsaye suna biki a kan gero, shi kuma gogan yana gindin tsamiya, ya ɗaure gora da igiya a reshe, yana turawa yana ƙirga sau nawa za ta je ta dawo kafin ta tsaya. Ya sha duka ran nan, amma ko a jikinsa. Washegari ya koma da gora biyu, ɗaya da ruwa ɗaya babu, don ya ga wacce za ta riga tsayawa.

Ya yi sakandare a Gaya, ya tafi Kano ya yi shekara biyu a foliteknik yana karatun lantarki. Sai babansa ya rasu, gona ba mai dubawa, ya tattaro ya dawo. Bai zo da takardar shaida ba. Abin da ya zo da shi littafi ne guda ɗaya da bangonsa ya cire, da magana guda ɗaya da ya addabi garin nan da ita.

Maganar ita ce, wai duk abin da aka ba ƙarfi aka sake shi, ƙarfin nan zubewa yake yi, kuma hanyar zubewar ɗaya ce. Shayi mai zafi, lilon yara, ƙofar da aka banko, mashin da ya faɗa rami, duk wai 'yan gida ɗaya ne. In ƙarfin yana da yawa ya zube da sauri, in ya ragu ya riƙa zubewa a hankali. Rabi ya tafi, sannan rabin rabin, sannan rabin wancan. Ya ce Turawa sun taƙaita wannan duka a layi ɗaya na lissafi. Ya sami fenti ya rubuta layin a saman ƙofar shagonsa, daidai inda mutanen kirki suke rubuta Bismillah.

Na ce masa, "Kai Badaru, yanzu shinkafata da lilo ne ɗaya? Ka taɓa cin lilo da mai da yaji?"

Ya ce, "Ke matsalarki tarkace kike kallo. Launin kula, wanda ya dafa, ko wake ya yi yawa, duk tarkace ne, zubar da su ake yi. Abu biyu kawai ake tambaya. Nawa aka zuba a ciki, kuma ta ina yake zurarewa."

Da a baki abin ya tsaya, da sauƙi. Sai ya haɗa akwati. Ya sami gawar wata tsohuwar rediyon kaset, ya kwashe kayan cikinta, ya bar allurar nan da take rawa in ana kiɗa. Ya sa wani abu mai kamar ƙaramin batir da suke ce wa kafasta, ya ce wannan shi ne randar da take riƙe wuta. Ya sa wani ɗan siriri mai zane-zane, rezista, ya ce shi ne hudar da wutar take yoyo ta nan. Ya liƙa abin murɗa murya na rediyo don ya ƙara hudar ko ya rage. In ya danna maɓalli allura ta haura sama, in ya saki ta fara saukowa, da sauri da farko, sannan ta riƙa jan ƙafa. Daƙiƙa ɗaya a akwatin wai awa ɗaya ce a duniya.

Abin haushin shi ne, akwatin yana aiki. Kulata ya fara gwadawa. Ya kwana biyu yana tsoma ma'aunin zafi a shinkafata, masu saye suna kallona kamar wadda abincinta ba shi da lafiya. Ran na uku ya murɗa abinsa, ya danna, ya ƙirga, ya ce, "In kika zuba ƙarfe goma, ƙarfe biyu da rabi za ta koma ɗumi-ɗumi. In kika rufa mata bargo za ta kai la'asar." Haka kuwa aka yi. Na daina dafa tukunya ɗaya babba, na koma biyu, ta safe da ta azahar. Ban gode masa ba, don in na gode ba zan sake shan iska a tashar nan ba.

Daga nan ya ƙara wa akwatin wani baƙin abu mai ƙafafu takwas da ya ciro daga mataccen amfilifaya, sai allura ta koyi lilo. Ta wuce tsakiya, ta dawo, ta sake wucewa kaɗan, har ta kwanta. Wannan don shokazobar mashin ya yi shi. Akwai Kamilu ɗan acaɓa, mai bakin da ba ya rufuwa, wanda mashin ɗinsa yake ta tsalle da fasinja a hanyar Kademi. Badaru ya danne bayan mashin ya saki, ya ƙirga rawar da ya yi, ya murɗa akwati har allura ta yi irin rawar, sannan ya ce man shokazobar ya tsiyaye saura kwata. Makanike ya buɗe ya tarar haka ne. Kamilu ya ɗauki labarin ya zaga da shi har Ajingi, ya ƙara gishiri, har aka fara zuwa tambayar Badaru ko akwatin yana gano ɓarawo.

A jikin abin murɗawar akwai ɗigo uku na fenti. Fari na kula ne, ja na shokazoba. Na ukun shuɗi ne, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce gwaji ne. Ni da na san shi tun yana yawo ba wando, na matsa masa wata rana da ba kowa a shagon. Ya leƙa waje, ya dawo, yana murmushin nan nasa na wanda ya fi kowa wayo.

Ya ce, "Na uwargida ne."

Matarsa Naja'atu 'yar Toranke ce, 'yar Malam Abdulmuttalib, wani dattijo manomi mai kiwon zabi. Mace ce mai kirki da tsafta, tana yin man gyaɗa da ƙuliƙuli a gida, amma tana da zuciya, in ta hau sai ta hau. Ashe tun shekarar farko Badaru yake nazarinta kamar yadda ya yi wa shinkafata. Ran da aka yi faɗa, kwanon tuwo dangwarar da shi ake yi a gabansa har miya ta fantsalo. Washegari a ajiye a hankali amma ba man shanu. Ran na uku man shanu ya dawo. Ran na huɗu a tambaye shi ya kasuwa. Ya haɗa wannan duka ya gano wai fushinta yana raguwa da rabi duk kwana ɗaya da yini.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ba ta haƙuri ba, kuma ba wanda ya taɓa jin kanmu. In ka yi magana da zafi-zafi ƙara caji kake yi. Shiru za ka yi, ka bar shi ya zurare da kansa."

Na ce, "Allah ya shirye ka. Ita ta san ka sa ta a rediyo?"

Ya ce, "Shinkafarki ta san na auna ta?"

Na yi dariya ran nan har da riƙe ciki, kuma dariyar nan tana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu yanzu.

Abin ya faru da daminar bara waccan, cikin watan Agusta. Na sayo sabuwar kula, Badaru ya ce sai ya auna ta, duk rabin awa zai tsoma ma'auni tun daga hantsi har la'asar, in ya tsallake ko sau ɗaya aikin ya ɓaci. Ran nan kuwa Malam Abdulmuttalib ya tako tun daga Toranke, da zabi biyu a hannu, ya zo gaida 'yarsa da jikoki. Naja'atu ta shimfiɗa masa tabarma a zaure ta kira Badaru a waya. Ya ce ga shi nan. Ta sake kira da azahar, ya ce saura kaɗan. Tsakanin shagon da gidan ko minti goma ba a yi a ƙafa. Dattijo ya yi azahar a masallacin unguwa, ya dawo ya zauna, ya yi la'asar, sannan ya ɗauki sandarsa ya ce a gaida maigidan. Ni ina rumfata ban san komai ba, ina ta tsokanar Badaru yana tsoma ƙarfensa a abincina.

Da ya koma gida Naja'atu ta tare shi tana kuka, ta ce ubanta ya wulaƙanta. Duk duniya ba abin da ya samu ya faɗa sai, "Ai Baba ba shi da riƙo, kafin Juma'a ya manta." Da gari ya waye ta goya ƙaramin, Mus'ab, ta tafi gidansu.

Yaji ba baƙon abu ba ne, kowace mace a garin nan ta san yadda ake yinsa, kowane namiji kuma ya san yadda ake biko. Na shiga gidan da kaina na duba. Tukwanenta suna nan, injin matse gyaɗarta yana nan, akwatin kayanta ko buɗe shi ba ta yi ba. 'Yar jaka ɗaya ta ɗauka. Babbar 'yarta Khaula ma ta bar ta wajen kakarta, mahaifiyar Badaru, saboda makaranta. Na fito na sami Badaru a shago na ce masa, "Matar da ta tafi da kaya kala biyu cewa take yi ka zo gobe. Ka sayi goro, ka ɗauki Baffanka, ku je tun yau."

Ya ce, "Jaka tarkace ce."

Ya jawo akwatinsa, ya murɗa zuwa shuɗin ɗigo, ya danne maɓalli har allura ta bugi ƙarshe, don wai wannan karon cajin ya cika. Ya saki yana ƙirgawa a hankali, ni kuma ina tsaye da ludayi a hannu ina ji kamar in sauke masa shi a ka. Da allura ta kwanta ya ɗago ya ce, "Kwana tara. Ran Asabar ta sama za mu je. In muka je kafin nan faɗa za a yi a gaban surukai."

Na ce, "To a yi faɗan mana. Faɗan ai shi ta je nema."

Bai ji ba. Waya ma ya ƙi kira, wai kira yana taɓa lissafi. Baffa, ƙanin babansa da yake Balan, ya aiko ran na uku cewa shi a shirye yake, Badaru ya je har gida ya lallaɓa tsohon da cewa ya san halin matarsa, a ɗan jinkirta.

Ni na kira ta ran na biyu. Wallahi sai da na janye wayar daga kunnena. Ta wanke Badaru tas, ta haɗa da akwatin gyaransa da ƙarfen dalmarsa da warin hayaƙin da yake shigo mata da shi ɗaki, ba ta tsaya ba sai da katina ya kusa ƙarewa. Can a ƙarshe ta ce, "Yaya Baiwa, yana cin abinci kuwa?" Na tsallaka titi da saurina na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Kin ji ko? Har yanzu da zafi." Tambayar abincin kuwa ya ce tarkace ce.

Abin da ya faru a Toranke daga baya na ji shi, daga bakin matar wanta. Ran na biyu Naja'atu ta share zauren gidan da kanta. Ran na uku aka yanka zabo, don an tabbata baƙi za su zo, 'yan gida suka cinye abinsu. Ran na huɗu ta yi kitso da lalle. Garin ƙarami ne, duk wadda ta shigo ɗibar wuta ko aron turmi sai ta ce, "Har yanzu mutanen Gaya ba su zo ba?" Malam Abdulmuttalib ya daina zama a ƙofar gida bayan la'asar saboda tambayar abokansa. Mutumin da aka bari a zaure yini guda, yanzu kuma ga 'yarsa a gida ba wanda ya biyo sawu.

Ran na biyar Kamilu ya kai fasinja Toranke. Ya tsaya shan ruwa a ƙofar gidan, kuma don ya kwantar wa mutane da hankali, a ganinsa, ya ce kada su damu, Badaru yana nan tafe ran Asabar, na'ura ce ta ba shi rana. Aka ce wace na'ura? Kamilu ya gyara tsayuwa ya yi bayani dalla-dalla, da kula, da shokazoba, da shuɗin ɗigo, da maganar man shanu. A shago ya tsinci zancen ran da nake yi wa Badaru faɗa ina tono masa komai, don ni ma in raina ya ɓaci ba na iya rage murya. Kafin magariba duk matan unguwar sun ji cewa mijin Naja'atu yana da mitar auna fushinta.

Na sake kiranta ran na shida. Ta ɗauka, ta gaishe ni, ta tambayi kasuwa, ta tambayi Khaula. Ba zagi, ba kuka. Na ce, "Naja'atu, ki yi haƙuri, wawa ne amma yana sonki." Ta ce, "Ba komai, Yaya." Na faɗa wa Badaru, shi kuma har da tafa hannu, wai ta ma riga lissafi sauka. Ran nan ya kamata in rufe rumfa in ja shi da wuyan riga har Toranke. Ban yi ba, na tsaya sayar da shinkafa, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Ran Asabar muka tafi mu huɗu. Baffa a bayan Kamilu, ni a bayan Badaru, da ƙwaryar goro da turmin atamfa. Badaru ya sha farar shadda har da turare. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, muka isa da hantsi.

Malam Abdulmuttalib ya karɓe mu a zaure, aka kawo fura. Baffa ya yi magana mai kyau, ya ce yaro ya yi kuskure, su ma manya sun yi kuskure da suka biye masa. Badaru ya durƙusa ya ce, "Baba, a yafe mini." Dattijon ya ce shi bai riƙe kowa ba, zaman zaure ba ya kashe mutum. Ya ce amma maganar ba tasa ba ce, a kira mai ita.

Naja'atu ta shigo da mayafi, Mus'ab a bayanta yana barci. Ta durƙusa ta gaida Baffa, ta gaishe ni, ta tambayi hanya. Fuskarta a sake, idonta ba alamar kuka. Badaru ya ɗan juyo ya kalle ni ta gefen ido, kallon nan na ai na faɗa miki.

Sai ta ce, "Badaru."

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko a bayan idonsa. Ta faɗe shi a gaban ubanta da Baffansa, kamar yadda za ta kira mai sayen ƙuliƙuli. Baffa ya ajiye ludayin furarsa.

Ta ce, "Na yafe maka, duniya da lahira. Da ka zo washegari, da na yi maka tas a gaban Baba na hau mashin. Da ka zo ran na uku, da na yi kuka na hau. Da aka zo aka ce jira kake yi allura ta sauka, sai na zauna na tuna duk ranar da na yi fushi a gidanka ka yi shiru. Ni a zatona kunya ce take hana ka magana, har tausayinka nake ji in sa maka man shanu. Ashe ƙirga kake yi. Na duba zuciyata jiya, na duba yau, ban sami fushi ba. Ban kuma sami komai ba. Ka taimaka ka ba ni takardata. Maganar yara manya su zauna."

Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Ta sake gaida Baffa, ta tashi ta shiga gida. Atamfar tana nan a kan tabarma inda na ajiye ta.

Baffa ya koma Toranke sau uku, limamin unguwarmu ya je sau ɗaya, ni na je sau biyu. Kowa ta karɓe shi da fara'a ta ba shi amsa ɗaya. Takardar dai an rubuta ta kafin a gama yankan gero. Badaru yana nan a shagonsa, yana gyaran fanka da fitila, kuma aikinsa har yanzu ba na biyunsa a tashar.

Amma dawowarmu ran Asabar ɗin nan ce ba ta fita raina ba. Kamilu da Baffa suna gaba, mu muna baya. Mun wuce Ajingi kaɗan sai Badaru ya gangara gefen hanya, kusa da wata gonar dawa, ya kashe mashin. Na zaci mai ne ya ƙare. Bai sauka ba, bai juyo ba, hannunsa yana kan kan mashin, taɓo duk ya ɓata ƙafar farin wandonsa.

Ya ce, "Baiwa, da ma ta zage ni."

Na sauka daga bayan mashin na tsaya gefensa. Muna nan tsaye a bakin gonar har Kamilu ya juyo nemanmu.